Ire-iren yankin jumla a nahawun Ingilishi: biyar ne ko goma?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare, bana zan rubuta WAEC. Littafin da muke karantawa a makaranta ya ce yankin jumla a Ingilishi iri biyar ne, wani kuma da na aro wurin yayata ya lissafo har goma. Wanne ne daidai? Sannan kullum ina faɗuwa a tambayar nan da ake ciro wasu kalmomi daga cikin labari a ce a faɗi sunansu da aikinsu. A taimaka mini.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba da sa'a a jarrabawar.

Littattafan nan biyu babu wanda ya yi miki ƙarya. Kowanne da mudun da ya auna da shi. Na farkon ya bi tsarin manyan masana nahawu, irin su Randolph Quirk da abokan aikinsa uku, waɗanda babban littafinsu na nahawun Ingilishi ya fito a 1985. Su suna duba kalmar da ke shugabantar yanki, sai su raɗa wa yankin sunanta. Da wannan awo, biyar ake samu: yankin suna, yankin aikatau, yankin sifa, yankin bayanau, da yankin da ke farawa da ƙananan kalmomin nan irin su *in* da *on*. Littafin yayarki kuwa ya bi tsohuwar hanyar koyarwa da ta fi ƙarfi a makarantun Amurka, wadda ke ƙara wasu guda biyar a kai. Waɗannan ƙarin, masu tsarin farko ba su ce babu su ba, wani gurbi dabam suka ajiye su. Za mu zo kansu.

Amma bari in gaya miki abin da na gani a shekarun da na yi ina koyar da wannan darasi. Ba yawan lissafin ne ke kayar da ɗalibai ba. Na sha ganin yarinya ta haddace goman nan tsaf, ta zubo su kamar karatun allo, a ba ta jumla guda ta rasa inda za ta kama. Abu biyu ne ke kayar da su. Ba su iya gano kan yanki ba, kuma suna cakuɗa sunan yanki da aikin da yake yi a cikin jumla. In kika riƙe waɗannan biyun, lissafin zai biyo ki da kansa.

Mu fara da mene ne yankin jumla, abin da za ki gani an rubuta *phrase* a takarda. Kalmomi ne da suka haɗu suna aiki tare kamar kalma ɗaya, amma babu aikau, wato mai yin aikin, da aikatau mai ɗauke da lokaci a cikinsu. In akwai waɗannan biyun, to kin fita daga yanki kin shiga ganga, wato *clause*. Dubi waɗannan: *after the prayer* da *after we prayed*. Ma'anarsu kusan ɗaya, “bayan salla” da “bayan mun yi salla”. Na farko yanki ne. Na biyu ganga ce, domin ga *we* mai aikin, ga *prayed* mai nuna cewa abin ya wuce. In kina shakka, ki sauya lokacin jumlar a ranki, ki mai da jiya ta koma gobe. Kalmar da ta canja kama, kamar yadda *prayed* za ta koma *pray*, ita ce aikatau mai lokaci. In babu abin da ya motsa a cikin kalmomin da aka ba ki, yanki ne. Ki fara da wannan gwajin kafin komai, domin wanda ya kira ganga yanki ya riga ya zubar da makin sunan.

Yanzu batun kai. Akwai jumlar da nake yawan rubutawa a allo a makon farko: *The three fat rams in my uncle's compound are eating.* Sai in sa tafin hannuna in rufe *three*, in ce a karanta. A karanta, jumla lafiya lau. In rufe *fat*, haka nan. In shimfiɗa hannu biyu in rufe *in my uncle's compound* gaba ɗaya, har yanzu maganar tana tsaye. Sai in rufe *rams*. Nan take aji ke yin tsit, wani ya ce, “Malam, su wa ke cin?” To, wannan kalmar da in an cire ta ginin ke rushewa, ita ce kai. Tunda *rams* suna ne, dukkan kalmomin nan takwas, daga *The* har *compound*, yankin suna ne guda ɗaya. Hujja ta biyu kuma, za ki iya kwashe su duka ki ajiye wakilin suna ɗaya a gurbinsu: *They are eating.* Duk tarin kalmomin da *he*, *she*, *it* ko *they* za su iya maye gurbinsu, aikin suna suke yi.

Akwai dalilin da ya sa wannan ke ba Bahaushe wahala, kuma ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. In za ki faɗi wancan yankin da Hausa, cewa za ki yi “raguna ukun nan masu ƙiba da ke gidan kawuna”. Kin ga raguna suka fara zuwa, sauran bayanin ya biyo baya. Muna da irin su “manyan raguna” da sifa ke gabata, amma galibi kunnenmu ya saba da jin kai da wuri. Ingilishi kuwa yakan binne kan a tsakiya, wasu kalmomi a gabansa, wasu a bayansa. A gaba akwai mafayyata irin su *the*, *a*, *this*, *my*, *some*, sai adadi, sai sifofi. A baya kuma ake rataya dogon bayani. Ɗalibi in ya rasa kan, sai ya kama kalmar da ta fi kusa da aikatau. Daga nan ake samun *The basket of tomatoes are heavy*. Kwandon ne ke da nauyi, shi ne kai, shi ɗaya ne, saboda haka *is* ake cewa. Haka *One of my friends lives in Zinder*: kan shi ne *one*, shi ya sa aka ce *lives*, kuma dole *friends* ya zo a jam'i, domin ba a ciro ɗaya daga cikin ɗaya. Wannan kuskuren na gyara shi da jan biro ya fi a ƙirga. Wani abin lura kuma, Hausa ta yarda ki ce “wannan littafin nawa”, amma Ingilishi ba ya jera mafayyata biyu irin waɗannan a gaban suna. Ba a cewa *this my book* a rubutun jarrabawa, sai dai *this book of mine*.

Ayyukan yankin suna su ne inda maki yake. Yakan zama aikau, wato mai yin aikin, kamar ragunan can. Yakan zama karɓau, wanda aikin ya faɗa kansa: *Audu slaughtered a big ram.* Yakan zama wanda aka yi abin dominsa: *Audu gave his neighbours some meat*, inda maƙwabtan suka amfana, naman kuma shi ne abin da aka bayar. Sannan yakan zama cikamako, kuma nan ake yawan tuntuɓe. Kwatanta *Audu met a trader* da *Audu became a trader*. A ta farko mutum biyu ne, Audu da ɗan kasuwa, don haka *a trader* karɓau ne. A ta biyu mutum ɗaya ne, Audun ne ɗan kasuwar, don haka cikamako ne. Ki tambayi kanki kawai: mutum ɗaya ne ko biyu? Aikatau irin su *be*, *become*, *seem* da *remain* a irin wannan amfani cikamako suke ɗauka.

Yankin aikatau yana da ma'ana biyu, kuma ya kamata ki san da su don kada wani littafin ya sake rikita ki. A tsarin su Quirk, da yawancin littattafan sakandare, yankin aikatau shi ne babban aikatau tare da mataimakansa kaɗai: *has been reading*, *will go*, *must have forgotten*. A tsarin da ya yaɗu daga aikin Noam Chomsky na 1957 kuwa, ana raba jumla gida biyu, yankin suna da yankin aikatau, kuma na biyun ya haɗa da karɓau da duk abin da ya biyo baya. In kin je jami'a za ki haɗu da wannan, har da zanen bishiya. Rabon nan na gida biyu ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta nahawun Hausa a makaranta, domin mu ma yankin suna da yankin bayani ake koya mana. A jarrabawarki dai, ki tsaya kan ma'ana ta farko.

Mataimakan nan layi suke bi, ba sa tsallake juna. Irin su *can*, *may*, *must*, *shall*, *will* su ke fara zuwa, sai *have*, sai *be*, sannan babban aikatau a ƙarshe, kuma kowanne shi ke yanke kamar da na bayansa zai ɗauka. Bayan *must* aikatau tsirara yake zuwa, bayan *have* ana cewa *gone* ko *eaten*, bayan *be* na ci gaba ana liƙa *-ing*. Na farko a layin ne kaɗai ke ɗaukar lokaci. A nan Hausa za ta taimake ki. Muna cewa ya tafi, zai tafi, bai tafi ba. “Tafi” bai canja ba, ƙananan kalmomin gabansa ne suka ɗauki lokacin. Haka *did* take yi. Da zarar kin ce *did not*, lokacin ya riga ya hau kanta, sai ki ce *He did not go*. Mai cewa *did not went* ya ɗora kaya ɗaya a kan jakuna biyu.

Yankin sifa da yankin bayanau ba su da wuyar sha'ani. Na sifa kansa sifa ce, yana siffanta suna: *very tired*, *afraid of dogs*, *too hot to drink*. Na bayanau kansa bayanau ne, yana faɗin yadda, ko yaushe, ko ina aka yi aiki: *very slowly*, *quite often*, *much too late*. Tarko ɗaya ne a nan, wato dogara da *-ly*. Kalmomin *friendly* da *lovely* sifofi ne duk da wutsiyarsu, *fast* kuwa ba ta da wutsiyar amma tana yin aikin biyu. A *a very fast car* mota take siffantawa, a *He drives very fast* tuƙin take bayani. Ki dubi abin da kalmar ta jingina da shi.

Na biyar shi ne wanda ya fi jawo gardama. Kalmomin da ake kira *preposition*, irin su *in*, *on*, *at*, *from*, *under*, *with*, *of*, 'yan uwan “a”, “daga”, “cikin” da “ƙarƙashin” ne namu. A aji nakan kira su jagora, domin kullum suna gaba, yankin suna na biye da su. Jagora da abin da ya jawo su ne yankin jagora: *in the market*, *from Katsina*, *under the neem tree*. Gane shi ba wuya. Wuyar tana wurin aikinsa, domin ba shi da aiki ɗaya tsayayye.

Dubi *The woman in the market sells rice* da kuma *The woman sells rice in the market*. Kalmomi uku ne iri ɗaya, ko harafi bai canja ba. A jumlar farko suna amsa tambayar “wace mata?”, don haka aikin sifa suke yi wa *woman*. A ta biyu suna amsa “a ina take sayarwa?”, don haka aikin bayanau suke yi wa *sells*. Ƙirarsu ɗaya, aikinsu biyu. Kamar mutum ne da sunansa bai canja ba, amma da safe yana gona, da yamma yana ɗinki. To, a nan ne littattafai suka rabu. Mai bin ƙira zai ce duka biyun *prepositional phrase* ne. Littattafan sakandare da yawa a ƙasar nan kuwa aikin suke bi wajen raɗa suna, sai su kira na farko *adjectival phrase*, na biyu *adverbial phrase*. Ki lura da wutsiyar nan ta *-al* da *-ial*. Tana nufin “mai aikin sifa” ko “mai aikin bayanau”, ba lallai a sami sifa ko bayanau a ciki ba. Haka *last week* a cikin *She travelled last week*: kansa *week* ne, suna ne, a ƙira yankin suna ne, amma yana amsa “yaushe?”, saboda haka aikin bayanau yake yi. Na ga malamai biyu sun yi musu a ɗakin malamai kan wannan misalin har aka buga ƙararrawa, kuma kowannensu yana da gaskiya, tambaya dabam-dabam suke amsawa ba su lura ba.

Wani lokaci ma jumlar kanta ba ta yanke hukunci. *The guard chased the boy with a stick.* Wa ke riƙe da sandar? In maigadin ne, yankin bayani yake yi wa *chased*. In yaron ne, siffanta *boy* yake yi. Hausa ba ta barin wannan a duhu, domin ko dai ki ce ya kori yaron da sanda, ko ki ce ya kori yaro mai sanda. Wannan dabara ce da ke hannunki wadda ɗan Ingila ba shi da ita. In yankin jagora ya rikita ki, ki juya jumlar zuwa Hausa a zuciyarki. In “mai”, “masu” ko “da ke” suka fito, aikin sifa ne. In “a”, “da” ko “daga” suka fito suna manne da aikin, bayanau ne. Kada ki ji kunyar yin haka. Harshenki ma'auni ne mai kyau muddin kin san inda ya yi daidai da Ingilishi da inda suka saɓa.

Abubuwa uku ƙanana kafin mu bar jagora. Wakilin sunan da ya biyo shi kamannin karɓau yake ɗauka, shi ya sa ake cewa *between you and me*. Na biyu, ba duk *on* ko *up* da ta biyo aikatau ce jagora ba. A *She sat on the mat*, yankin shi ne *on the mat*. A *She turned on the radio* kuwa, *on* ta aikatau ce, *turned on* tare suke nufin kunnawa. Gwajinsa shi ne ki ɗauke ta ki kai bayan karɓau: *She turned the radio on* ta zauna daidai, amma *She sat the mat on* ba magana ba ce. Na uku, *to* fuska biyu gare ta. In suna ya biyo ta, kamar *to Zaria*, jagora ce. In aikatau tsirara ya biyo ta, kamar *to read*, wani abu ne dabam. Kuma a *look forward to* jagora ce, shi ya sa a ƙarshen wasiƙa ake rubuta *I look forward to hearing from you*. Ki riƙe wannan don rubutun wasiƙa, makin da ake zubarwa a nan ba kaɗan ba ne.

Wannan ya kawo mu ga biyar ɗin littafin yayarki. Uku daga cikinsu an gina su ne da aikatau marar lokaci, wato aikatau da ya ajiye aikinsa ya ɗauki na wani. Masu tsarin farko suna kiransu ganga marar lokaci, tunda aikatau ɗin yana iya ɗaukar karɓau nasa. Masu tsari na biyu suna kiransu yanki, tunda babu lokaci. Sunan bai kai aikin muhimmanci ba.

Wanda ke farawa da *to* da aikatau, wato *infinitive phrase*, yana shiga ko'ina. A *She wants to study medicine* karɓau ne, abin da take so ke nan. A *She went to Zaria to study medicine* dalili yake faɗi, “don ta karanta”, aikin bayanau ke nan. A *She has a family to feed* siffanta *family* yake yi.

Sauran biyun su ne masu rikita mutane, domin duka suna iya ƙarewa da *-ing*. *Selling groundnuts is her work.* *Selling groundnuts, she paid her school fees.* A ta farko za ki iya cire kalmomin biyu ki sa *It*, ki ce *It is her work*. Aikin suna ke nan, shi ake kira *gerund phrase*, kuma daidai yake da sunan aiki namu, kamar “sayar da gyaɗa sana'arta ce” ko “karatu yana da daɗi”. A ta biyu *It* ba za ta shiga ba, domin kalmomin bayani suke yi a kan *she*. Wannan shi ne *participial phrase*. Yana kuma zuwa da wata kama ta aikatau ɗin, irin ta *broken* da *written*: *The letter written by the village head arrived late.* Wace wasiƙa? Wadda dagaci ya rubuta. Aikin sifa ne.

Ina so ki tsaya a nan kaɗan, domin akwai kuskuren da har manyan ma'aikata ke yi a takardun ofis. In kika buɗe jumla da irin wannan yankin, dole sunan da ya zo nan take bayan waƙafi ya zama shi ne mai yin aikin. Wata ɗalibata ta taɓa rubuta mini a insha'i: *Walking to the market, the rain started.* Na kira ta gaban tebur, na ce ta karanta a hankali ta gaya mini wa ke tafiya kasuwa. Ta ce ita ce. Na ce ta nuna mini kanta a cikin jumlar. Ta bi da yatsa har ƙarshe, ta ɗago ta ce, “Malam, ashe ruwan ne ke tafiya.” A Hausa ba ta taɓa yin wannan kuskuren ba, domin “ina tafiya kasuwa sai ruwa ya sauko” ya riga ya faɗi mai tafiyar tun daga “ina”. Ingilishi ya ɓoye mai aikin, ya bar wa sunan da ke biye ya bayyana shi. Gyaran shi ne *Walking to the market, I was caught in the rain*, ko kuma ta mai da shi ganga cikakkiya, *As I was walking to the market, the rain started*. Tun daga ranar ban sake ganin irinsa a littafinta ba.

Na tara, *appositive phrase*, ba sabon iri ba ne. Yankin suna ne da aka ajiye kusa da wani suna don ya sake faɗinsa ta wata hanya: *Abubakar Tafawa Balewa, Nigeria's first prime minister, was born in 1912.* Kalmomin da ke tsakanin waƙafan nan biyu da Tafawa Balewa mutum ɗaya ne. Mu ma muna yi kullum: “Audu, ɗan maƙwabcinmu, ya dawo.” In an tambaye ki sunansa, yankin suna ne. In an tambaye ki aikinsa, ki ce *in apposition to*, ki kawo sunan da yake maimaitawa. Na goma, *absolute phrase*, yana da nasa sunan a ciki da aikatau marar lokaci, kuma bayani yake yi wa jumlar gaba ɗaya: *The sun having set, we broke our fast.* Ba ya yawan fitowa a maganar yau da kullum, ya fi zuwa a rubutun adabi. Ki gane shi in kin gan shi, ya wadatar.

Yanzu ga tambayar da ke kayar da ke. Takan zo kashi biyu: *What grammatical name is given to this expression as it is used in the passage?* sannan *What is its function?* Ki lura da *as it is used in the passage*. Ana gaya miki ne ki koma cikin labarin. Ɗalibai da yawa a takardar tambaya kawai suke kallon kalmomin, su yi hukunci daga can, alhali kin ga yadda *in the market* ya canja aiki da canjin wuri. Ki nemo jumlar, ki karanta ta tun daga babban harafi har aya. Sannan ki duba ko akwai aikatau mai lokaci a cikin abin da aka ciro, don ki san yanki ne ko ganga. Sai ki gwada *it* ko *they* a gurbinsa. In ya zauna, aikin suna ne. In bai zauna ba, ki tambaya: “wanne?” yake amsawa, ko kuwa “yaushe, ina, yaya, don me?”

Wajen rubuta aikin, kada ki tsaya rabin hanya. Rubuta *subject* kaɗai bai isa ba, sai kin faɗi na wane aikatau. Rubuta *it modifies the verb* ba tare da kawo aikatau ɗin ba, kamar a aike ki da saƙo ne ki isa ƙofar gida ki juyo. Al'adar makarantunmu ita ce a ce *qualifies the noun* ga mai aikin sifa, a ce *modifies the verb* ga mai aikin bayanau, kuma kowanne a biyo shi da ainihin kalmar kamar yadda take a labarin. In aikatau ɗin yana da mataimaka, ki kwaso su duka. Ga yankin jagora kuwa, shawarata ita ce ki ba shi sunan da ya dace da aikin da za ki rubuta a ƙasa, don amsoshinki biyu su tafi tare. Ki kuma zauna da malaminku ku duba tambayoyin shekarun baya, ki ga yadda yake so a tsara amsar.

Mu gwada da jumla ɗaya. *After the harvest, the farmers in our village sold most of their millet to pay their debts.* In aka ciro *After the harvest*, babu aikatau a ciki, yana amsa “yaushe?”, sai ki rubuta *adverbial phrase of time*, aikinsa kuma *modifies the verb “sold”*. In aka ciro *the farmers in our village*, *they* ta zauna a gurbinsa, sai ki rubuta *noun phrase*, *subject of the verb “sold”*. In *in our village* kaɗai aka ciro daga cikinsa, “waɗanne manoma?” yake amsawa, saboda haka *adjectival phrase* ne, *qualifies the noun “farmers”*. Kin ga yanki a cikin yanki, kamar ƙwarya a cikin masaki. *Most of their millet* shi ne abin da aka sayar, yankin suna ne, *object of the verb “sold”*.

Saura *to pay their debts*. Wannan na bar miki. Ki juya jumlar zuwa Hausa, ki ga wace kalma ce za ta fito a gabansa, sannan ki turo mini sunansa da aikinsa, tare da jumloli biyar da kika ciro da kanki daga kowace jaridar Ingilishi da ta zo hannunki, kin ja wa kan kowane yankin suna layi.